Ba Tsuntsu, Ba Tarko: Gargaɗi ga Ƴaƴanmu Masu Barin Jami'a Don Kafa Kamfani

Wanda ya taɓa shaƙar warin ruɓaɓɓiyar albasa ba ya mance shi. Shi ya tare ni tun daga bakin zaure, wata safiya cikin watan Agusta, da na je gaida ƙanwata a wani ƙauye na ƙasar Urno. Na iske ɗanta a bayan gida, ya tuɓe riga, ya ɗaure hanci da ƙyalle, yana kwaso albasa daga rudu yana zubawa a baro. Duk wadda ya ɗauka sai yatsunsa su nutse a ciki, baƙin ruwa ya biyo hannu. Uwarsa na zaune kan turmi ta zuba tagumi, ko sannu da zuwa da ƙyar ta iya ce mini. Wata shida kafin wannan safiya, yaron nan ɗalibi ne a shekara ta uku ta jami'a. Zangon karatu guda ya rage masa, da kundin da zai rubuta, a ba shi lisans.

A ƙarshen Fabrairu ya zo mini da maganar. Ya nuna mini waya, ga sunan kamfani, ga tambari mai launi, ga kati an rubuta Darakta Janar a ƙarƙashin sunansa. Zai sayi albasa lokacin cira tana araha, ya ajiye, in ta yi tsada ya sayar kai tsaye ga masu saye na Akara ta WhatsApp, ba dillali, ba ɗan kamasho. Na ce masa: "Ɗana, tunanin ba shi da laifi. Amma wata huɗu ya rage maka. Ka gama, albasa tana nan baɗi." Ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce: "Kawu, zamani ya sake. Takarda ba ta ciyar da kowa yanzu. Ga yayyenmu can da difloma suna kabu-kabu a Yamai. Kuma albasa ba ta jiran jarrabawa."

Uwarsa ta sayar da tumakinta, wansa da ke Libiya ya aiko da abin da ya tara na aure, aka saya masa buhu sittin. Abin da bai sani ba, kowane tsohon manomi na Sabon Gida ko Tamaske ya san shi tun yana yaro: albasar da aka cika wa takin zamani, aka yi ta ba ta ruwa har gab da cira, kyau gare ta a ido da nauyi a buhu, amma ba ta ajiyuwa. Ta ajiya ana yanke mata ruwa da wuri, a bar ta ta sha iska wuyanta ya bushe, a tsince mai rauni, a ɗaga rudu daga ƙasa, a riƙa dubawa. Masu sayarwa sun ga baƙon ido, suka ba shi wadda su da kansu ba za su ajiye ba. Damina ta sauka, laima ta shiga. Cikin buhu sittin da ƙyar aka tsira da ashirin. Mutumin Akara da ke ta aiko saƙo ya daina ɗaukar waya. Jarrabawa ta wuce. Kunya ta hana shi komawa cikin abokan ajinsa, kuma ta hana shi zama gida yana kallon uwarsa. Yau yana Tamanrasat yana aikin gini. Ba tsuntsu, ba tarko.

Ba don tonon silili na kawo labarin gidanmu ba. Na kawo shi ne domin abin ya daina zama na gida ɗaya. Na yi shekaru ina koyarwa, kuma cikin yaran da suka bi ta hannuna suka haye jarrabawar Bak, waɗanda na ji sun ajiye karatu a tsakiya da sunan kafa kamfani sun fi ƙarfin yatsun hannuna. Wani kiwon kaji, wani sayar da waya, wani manhajar kai saƙo, wani cinikin kuɗin intanet. Daga Madawa zuwa Buza, daga Buza zuwa Keita, duk fadar samarin da ka zauna ana dafa shayi, za ka ji zancen.

Ƙasarmu ta Adar ta san tafiya. Kakanninmu sun yi fatauci, iyayenmu sun yi cin rani a Kurmi da Najeriya, ƙannenmu sun bi Sahara zuwa Libiya da Aljeriya. Da zinariya ta bayyana a Jado a 2014, mun ga yadda azuzuwan kolej suka rame cikin ƴan watanni. Amma waɗancan guguwowi yawanci ba su taɓa ɗan jami'a ba. Wannan ta yau shi take nema, kuma ta fi haɗari domin da kwat take zuwa, da Faransanci mai daɗi a baki. Wanda ya tafi Jado ya san caca ya shiga. Wanda ya bar aji don kamfani yana ganin ya fi malamansa hangen nesa, shi ya sa nasiha ba ta kama shi.

Ta waya guguwar take shigowa. Ga wani saurayi ya jingina da mota yana cewa makaranta bayi take horarwa, masu kuɗin duniya duk barin ta suka yi. Sai a jero sunaye: Bill Gates, Mark Zuckerberg, Steve Jobs. To, tun da an kira su shaida, mu saurari shaidar tasu gaba ɗaya, kada a yanke mana rabi.

Bill Gates ya bar jami'ar Harvard a 1975 ya kafa Microsoft. Gaskiya ne. Abin da mai bidiyo ba ya faɗa shi ne, tun yana ɗan shekara 13 yake zaune gaban kwamfuta a wata makarantar ƴaƴan masu hali a birnin Seattle, a zamanin da manyan malamai da yawa ba su taɓa taɓa ta ba. Mahaifinsa babban lauya ne. Kuma izinin dakatar da karatu ya ɗauka, wato da abin ya ƙi, kujerarsa na nan tana jiransa. Shi kansa ya sha shawartar matasa su gama karatunsu. Zuckerberg ya buɗe Facebook a Fabrairun 2004 yana cikin ɗakin kwanan ɗalibai, bai bar aji ba sai da abin ya kama, wani attajiri ya zuba masa dala 500,000, masu amfani da shafin suka doshi miliyan kafin shekarar ta ƙare. Mahaifinsa likitan haƙori ne, mahaifiyarsa ma likita. Waɗannan mutane sun yi tsalle ne ga katifa a ƙasa. Kai da uwarka ta sayar da tumaki, me ke ƙasanka in ka faɗo?

Akwai kuma waɗanda ba a sa su cikin bidiyo. Elizabeth Holmes ta bar jami'ar Stanford tana shekara 19, ta ce ta ƙirƙiro na'urar da za ta gano cututtuka da ɗigon jini kaɗan. Mujallu suka yi ta buga hotonta. Na'urar ba ta aiki, ilimin da zai sa ta yi aiki kuwa shi ne wanda ta bari a aji. A 2022 kotu ta yanke mata ɗaurin fiye da shekara 11 saboda damfarar masu zuba jari. Ita ma an san ta ne don faɗuwarta ta yi ƙara. Dubban da suka bar karatu suka faɗi shiru, babu mai ɗaukar hotonsu, kamar yadda babu wanda ya ɗauki hoton ɗan ƙanwata a bayan rudu.

Wasu masana tattalin arziki a Amurka sun bi bayanan miliyoyin kamfanoni, suka fitar da sakamako a 2018: waɗanda suka kafa kamfanonin da suka fi saurin bunƙasa, matsakaicin shekarunsu lokacin kafawa 45 ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai shekara 45 ya yi aiki a ƙarƙashin wani, ya san sana'ar ciki da bai, ya san wanda zai amince wa da wanda zai guje wa. Jeff Bezos ya gama jami'ar Princeton a 1986, ya yi shekara takwas yana aikin albashi, sannan ya kafa Amazon a 1994.

Mu dawo gida. Alhaji Aliko Ɗangote, wanda kowane yaro ke kiran sunansa in ana zancen arziki, sai da ya gama karatu a Azhar ta Alƙahira sannan ya kama kasuwanci a 1977, da rance daga danginsa na gidan Ɗantata, gidan da ya gaji fatauci kaka da kakanni. A nan Nijar muna da Abdou Maman Kané, wanda ya ƙirƙiro hanyar ba garka ruwa daga nesa ta wayar salula, har ya samu babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015. Masanin kwamfuta ne, da abin da ya karanta ya warware wahalar da duk mai garka a kwarin Tarka ya sani. Irin kamfanin da ƙasar nan take jira ke nan, kuma ilimi ne jarinsa na farko.

Na san abin da za ku ce, kuma ba zan rufe ido a kansa ba. Yajin aiki na cinye watanni, shekarar karatu ɗaya takan shiga cikin wata, lisans na shekara uku yakan kai mutum huɗu ko biyar. Burs na makara, ɗalibi ya kwana da gari da ƙuli. In an gama, ga zaman jira, ga kwantiragi mai albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Duk wannan gaskiya ne, kuma haushin da kuke ji halas ne. Amma ku yi lissafi da hankali. In mai difloma yana shan wahala a kasuwar aiki, wanda ya yi shekara biyu da rabi ya fito hannu rabbana fa? Ranar da aka buɗe jarrabawar ɗaukar ma'aikata, ko wata ƙungiya ta zo neman wanda zai riƙe mata lissafi a Keita, ko aka ba da gurbin ƙaro karatu a waje, takarda ake cewa a kawo. Babu wanda zai ce ka zo da labarin yadda ka kusa gamawa. Wanda ya bari a zangon ƙarshe da wanda ya tsaya a Bak, a gaban teburin nan, layi ɗaya suke bi. Kasuwa kuwa tana nan baɗi da baɗin baɗaɗa, ana shigarta da furfura ma. Aji ne ke da lokaci. In ka yi aure, yara biyu suka zo, bashi ya hau kai, komawa benci sai wanda Allah ya so da rahama.

Ku kuma tuna ba ku kaɗai kuka kawo kanku inda kuke ba. Ku tuna ajinku na farko a lakwal, ku nawa ne a kan tabarma cikin rumfar kara? Nawa suka kai kolej? Nawa suka haye birebe? Nawa suka ga ƙofar lise, bare Bak? Kafin 2010, ɗan Adar da ke son jami'ar gwamnati sai ya tafi Yamai. A shekarar aka buɗe ta Tawa, wadda yau take ɗauke da sunan masanin tarihin Adar, Farfesa Djibo Hamani, tare da ta Maraɗi da ta Damagaram. Mutane sun yi shekaru suna roƙon wannan ƙofa. Kowane ɗalibin da ya shige ta daga Urno ko Bangi ko Karofan, akwai uwar da ta yi shekara goma sha biyar tana sayar da ƙosai don littafi, akwai ƙanen da aka bari a gona don shi ya je, akwai ƙanwar da aka ce ta haƙura. Karatun nan dukiyar gida ce aka ba ka riƙo. Ba ka da ikon jefa ta a caca kai kaɗai don wani baƙo ya yi maka magana a waya.

Kasuwar da kuke gudu zuwa gare ta, kun san halinta? A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, gadar Gaya ta rufe, manyan motoci cike da albasa suka tsaya a hanya kaya na ruɓewa. Alhazan da suka yi shekara talatin cikin harkar sun ji jiki, wasu sun durƙusa. Waɗanda suka miƙe, sun miƙe ne don suna da gona, da garke, da abokan ciniki da za su ɗaga musu ƙafa. Yaron da duk jarinsa tumakin uwarsa ne, girgiza ɗaya ta ishe shi.

Sannan ga kuraye. Duk inda aka ce yaro na sauri ya yi kuɗi, akwai mai jiransa a kwana. Za a kira ka taro a wani gida a Maraɗi ko Yamai, a tafa maka, a kira ka shugaba, a ce ka zuba jikka ɗari biyar ka zama mai kamfanin kanka, sharaɗi kawai ka kawo mutum biyu, su ma su kawo biyu-biyu. Ka tambaya: me ake sayarwa, wa ke saye? In amsar ta yi ta kewaye, kai ne hajar. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ɗanɗana. A Disambar 2016 MMM ya rufe asusun jama'a, a Afrilun 2025 CBEX ya ɓace da kuɗin mutane. Sunan ne ke sakewa, tarkon ɗaya ne. Kuma mafi muni, wanda ya faɗa ciki danginsa yake fara jawowa, sai a rasa kuɗi a rasa zumunci. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kada wani ya ce tsohon malami ya tsani kasuwanci. Jinin fatake ne a jikinmu, kuma ina fatan ganin ranar da ɗan Madawa zai kafa masana'antar busar da albasa, ɗan Buza ya gina ɗakin ajiya mai sanyi da hasken rana, mu daina kallon guminmu yana ruɓewa. Amma Bahaushe bai taɓa sanin kasuwanci ba tare da koyo ba. Yaro yakan zauna da ubangida shekara biyar, bakwai, yana ɗaukar kaya, yana rakiyar mota zuwa Kumasi, yana kallon yadda ake duba buhu da yadda ake karɓar bashi ba a ɓata ba. Sai ubangida ya gamsu sannan ya sallame shi da jari. Wannan ma makaranta ce, kuma ita ma ba a barin ta a tsakiya. Abin da ya shigo mana yanzu shi ne yaro ya bar makarantar boko bai gama ba, ya tsallake ta kasuwa bai shiga ba, ya buga kati ya ce shi darakta ne.

Ga shawarata ga wanda zuciyarsa ke tafasa. Ka riƙe ajinka, ka gwada tunaninka da ƙarami. Buhu biyar sun isa su koya maka abin da sittin za su koya maka, kuma ba za su sa uwarka kuka ba. Babban hutu wata uku ne, ka kai kanka wurin wanda ya san sana'ar, ka yi masa aiki ko ba lada. In kana karatun lissafin kuɗi ko tafiyar da kamfani, ka sa tunanin naka ya zama kundin kammala karatunka, malamai su tona shi su nuna maka ramukan da ke ciki kyauta, kafin kasuwa ta nuna maka su da tsada. Ka rubuta shiga da fita a littafi. Kada ka taɓa kuɗin rajista, kada ka taɓa dabbar gida. In bayan shekara guda akwai baƙin da ba danginka ba suna biya suna dawowa, to ka samu abin yi, kuma zai jira ka ka gama. Tunanin da zai mutu don an jinkirta shi wata huɗu, dama ba mai rai ba ne. Tawakkali wajibi ne, amma an koya mana a ɗaure raƙumi tukuna.

Iyaye, ku ma da naku. Sau da yawa mu ne ke tura su. Ɗan wane ya aiko da babur daga Libiya, ɗan wance ya rufa wa uwarsa ɗaki da kwano, kai kana nan da littafi. Wannan gori a bakin murhu ya fitar da yara daga aji fiye da kowane bidiyo. In ɗanku ya zo da maganar kamfani, kada ku zage shi, kuma kada ku kwance tunkiya a ranar. Ku ce masa: mun ji, kawo takardar, jarin na nan. Ku kai shi gaban wanda ya san harkar, ya yi masa tambayoyin da ku ba za ku iya ba.

Hukuma da shugabannin jami'o'i, kowane wata da burs ya makara, kowane zango da yaji ya cinye, hujja ce kuke miƙa wa mai bidiyo. Ku biya a kan lokaci, ku tsayar da kalandar karatu. Ku buɗe hanya bayyananna da ɗalibi zai dakatar da karatu shekara guda ya dawo, ku kuma sanar da ita kowa ya sani. Cibiyoyin renon ƙananan kamfanoni irin CIPMEN ta Yamai, ya kamata ɗalibin Tawa ya same su a cikin harabar makarantarsa, don kada ya ga sai ya fita sannan zai fara.

Wanda ya bi kwarin Majiya a ƙasar Buza zai ga layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 don tare iska. Wanda ya hau tuddan Keita zai ga inda mata suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka tun 1984, suna tare ruwa a ƙasar da aka ce ta mutu. Babu wanda ya ci amfanin aikin nan a shekarar farko ko ta uku, kuma da sun tsaya a rabi da zaizaya ta kwashe har abin da suka fara. Mutanen da suka haife ku ke nan. Haƙurin wata huɗu, ko shekara guda, bai fi ƙarfin jininku ba.

Kai kuma da ka riga ka fita, kada kunya ta ƙarasa abin da gaggawa ta fara. Abokan ajinka za su yi magana kwana biyu su mance. Kafin a koma karatu, ka je ofishin rajista da ƙafarka, ka tambayi abin da ya rage maka da yadda za ka cike shi. Abin da na faɗa wa ɗan ƙanwata ke nan da ya kira ni daga Tamanrasat, muryarsa ƙasa-ƙasa, yana tambaya ko littattafansa na nan. Na ce masa suna nan. Uwarsa ta ɗaure su cikin leda ta sa a ƙasan akwatinta don kada gara ta taɓa, kuma kuɗin motar dawowa na wuyana.